Muryar Motata da Kunnen Yayata

Shekaru masu yawa na yi ina tuƙa tsohuwar akori-kura, tun gashin kaina yana baƙi har furfura ta cinye shi. Ni manomi ne, ɗan manomi, ba direban haya ba. Amma a ƙauyenmu wanda Allah Ya hore wa mota, motar ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci, in na karya kumallo sai in fito da ita in bi burtali, ina tsayawa ƙofa-ƙofa. Wannan ya miƙo buhun gero, wancan ya ɗaure akuya, matan gida su aiko da abin sayarwarsu. A ƙasarmu babu dajin da ya raba gari da gari. Gona tana haɗe da gona, danga tana kallon danga, shuka kuwa har bakin hanya. Abin da ya yi ƙara a wannan gefe, an ji shi a wancan.

Tsohuwar motar tana da murya irin tata. Ba zan yabe ta da daɗi ba, amma ba a rikita ta da ta kowa. Salansarta ta sha walda har mai waldar ya ce ya daina ganin ƙarfen asali, sai ɗinkinsa. Idan ta sauka mashigin rafi ta soma hawan tudu, takan yi wani gurnani mai kauri, ta yi tari, sa'an nan ta ci gaba. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai da na rasa shi.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Duk garin nan Alhaji ake ce mini, har mai unguwa yakan gyara zama idan na iso, amma ita har gobe Auta take kirana, kuma ina amsawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidanta shi ne na ƙarshe a kan hanyata, can bayan rafi. Sana'arta tun tana amarya ita ce matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma ba ta yarda ƙulinta ya kwana kafin ya shiga kasuwa; a safiyar ranar take toyawa, ya isa hannun mai saye da sauran ɗuminsa. Da girma ya zo, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Amma hannunta bai mance aikinsa ba, kunnenta kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ashe duk shekarun nan da motata take auna aikinta. Fitowata ba ta da ƙayyadadden lokaci, domin wata rana akuyar wani ta ƙi hawa, wata rana a tsaya ɗinke bakin buhu. Ita ba ruwanta da wannan. Da ta ji gurnanin nan a mashigin rafi, ta san akwai sauran gidaje tsakanina da ita, sai ta zuba kaskon ƙarshe, ta tsiyaye mai a jarka, ta ɗaure bakin kwando, ta wanke hannu, ta zauna a kan tabarma da carbinta. Idan na yi sallama sai in tarar da ita kamar wadda ba ta taɓa wani aiki ba tun safe. Ni kuwa sai in ɗauka haka Allah Ya yi ta, mace mai shiri. Ba mu taɓa zancen ba, ni da ita.

Babban ɗana, wanda ke fataucin hatsi a Dawanau, shi ya ga motar ta gaji, ya sayo mini wata. Ranar da ya kawo ta, mutanen unguwa sun taru kamar ana suna. Akori-kura ce ita ma, amma ta ƙasar waje, doguwa, mai faɗin ƙirji, injinta mai silinda takwas, tayoyinta sun kusa kai wa ƙugun mutum. Ba a taɓa canja mata ko noti ɗaya ba tun da ta fito daga hannun maƙeranta. Na sa masa albarka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Kujerarta ta karɓi bayana, yashin rafi da a da nake yi masa addu'a kafin in shiga, ta taka shi kamar kwalta. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne shirunta. Sai a tayar da ita, mutum yana tsaye a gefenta, ya tambaya ko an kunna.

Ranar kasuwa ta farko na isa ƙofar Yaya na yi sallama. Na tarar da ita a gaban murhu, zane a ɗaure a ƙirji, hannu dumu-dumu da tunkuza, mai ko tsiyayewa ba a yi ba. Ta zabura, ta laluba mayafinta.

Ta ce, "Auta, daga sama ka faɗo?"

Na ce, "Daga gida nake, Yaya. Sabuwar motar ce, ba ta da hayaniya."

Ta ce, "To, Allah Ya sa alheri. Zauna, yanzu zan gama."

Na zauna a zaure, masu kaya suna jira a cikin mota, rana tana ɗagawa. Ban ce ta yi sauri ba, ba zan taɓa cewa ba, amma ta san ana jiranta, kuma a duniya babu abin da ta ƙi jini kamar a jira ta. Mako na gaba ta toya tun da wuri don kada in riske ta, ni kuma na makara, ƙulin ya huce, mai saye ya yi ƙorafi. Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana in danna hon tun daga nesa, ko in kira ta a waya. Hon fasinja ake danna wa a tasha. Ƙane ba ya danna wa yayarsa hon daga bakin hanya, garin nan kaf ya ji. Waya kuwa tana da ita, jikokinta suka saya mata, tana naɗe a tsumma cikin kwalla, ba ta ganin madannanta, kuma ba ta yarda a koya mata.

A haka muka yi ta fama, har ranar da na iso ta ji sallamata ba zato, ta yi gaggawar sauke kasko, mai ya fallatso mata a bayan hannu. Ba ta yi ƙara ba. Ni na ga fatar ta tashi. Na kai ta asibitin sha-ka-tafi aka sa mata magani aka naɗe. A hanyar dawowa tana zaune a gefena, hannun a kan cinya, sai ta ce:

"Auta, daga yau kada ka ƙara tsayawa don kayana. Na bar sana'ar."

Na ce, "Yaya, don ɗan wannan ƙunar? Kwana kaɗan za ta warke."

Ta ce, "Ba ƙunar ba ce. Tsufa ne ya zo. Mace idan ta kai ba ta san lokacin da baƙo zai shigo mata ba, ta ajiye kasko ta kama carbi. Da can ban taɓa bari ka same ni a hargitse ba. Yanzu ga shi kullum sai ka tarar da ni kamar mahaukaciya."

A nan ne na fahimci abin da ya faru, kuma na fahimci ita ba ta ɗora laifin a kan mota ba, a kan kanta ta ɗora. Na san yayata. Ba don abin da take samu take wannan aiki ba, mu 'yan'uwa da 'ya'ya mun ishe ta. Aikin ne ke tashinta da safe, shi ke kawo mata matan maƙwabta hira, shi ke sa ana ambatonta a kasuwar da ba ta taɓa takawa ba. Idan ta ajiye shi, zama za ta yi a ɗaki ta jira abin da kowa ke jira.

Na kira ɗana na ce masa ina son a yi wa motar murya. Ya yi dariya har na ji kunyarsa ta waya.

Ya ce, "Baba, dama ni na ga an shaƙe wa injin nan wuya. Ka bar mini, akwai wani bakanike a Bacirawa, aikinsa ke nan."

Ya zo ya tafi da ita. Ban yi masa bayanin dalili ba, domin ban saba zama da ɗan fari in zayyana masa abin da ke raina ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya ɗauka tsoho ne ya ga mota mai ƙarfi, ƙuruciya ta motsa masa. Ranar da ya dawo da ita, tun yana kan kwalta muka ji kamar hadari ya taso a tsakiyar kaka. An cire mata tukunyar salansa ɗungurungum, an zura mata miƙaƙƙun bututai biyu masu ƙyalli. Da na bi burtali da ita ranar kasuwa, zabi suka watse, jarirai suka ɗauki kuka gida-gida, shanun huɗar maƙwabcina suka tumɓuke turke suka shiga waken wani. Maƙwabcin nan abokin wasana ne tun muna yara, ya tare ni a hanya yana riƙe da igiya.

Ya ce, "Alhaji, yaƙi aka soma ba a sanar da mu ba? Ko amarya kake nema, kake wannan shela?"

Na ce, "Je ka kama shanunka tukuna, mu yi magana."

Ya ce, "Ai kai za ka kama su, tunda kai ka kira su!"

Na ajiye motar can nesa, na taka da ƙafa na je gaida Yaya ko da yake ba ta da kaya. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin rashin kunya irin na direbobin zamani ba, wani ya wuce ɗazu har tukwanenta suna rawa, Allah Ya shirye shi. Ban ce mata ni ne ba, ban kuma ce ba ni ba ne.

Washegari na tuƙa motar da kaina zuwa Bacirawa, kaina yana sarawa, domin a cikinta ma wani gunji take yi da ke shiga har haƙora. Bakaniken magidanci ne mai fara'a, mai yawan magana. Ya shimfiɗa mini kwali a ƙasa, ya ce in leƙa. Na tattare babbar rigata na durƙusa. Ya nuna mini yadda hayaƙi ke fitowa daga injin, ya bi ta wata ƙaramar tukunya a gaba wadda ke tace shi, ya ce wannan bai taɓa ta ba kuma ba zai taɓa ba, in an cire ta fitilar gargaɗi ba za ta bar mutum ya huta ba. Daga bayanta ne ya canja komai. Bututun asali siriri ne, tukunyarsa kuma cike take da lunguna, hayaƙi sai ya yi ta kewaye kafin ya fita, shi ya sa take shiru. Ya ce faffaɗan bututun da ya sa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, injin ya fi samun numfashi da shi, wannan babu laifi. Tukunya ce kawai za a mayar, amma mai buɗaɗɗen ciki, kuma iri-iri ce, kowace da muryarta.

Ya ce, "Alhaji, wace iri kake so? Mai tsawa, ko mai gurnani?"

Na ce, "Ina son wadda za a ji ta daga mashigin rafinmu zuwa wani gida, amma kada ta tayar da jariri a gidan da take wucewa."

Ya dube ni, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Tun da nake aikin nan ba a taɓa ba ni awo irin wannan ba. Rafin naku ina da ina?"

Ya ɗaura wata ya tayar, ya ɗaura wata ya tayar, amma a cikin gareji, tsakanin katangu da kwanon rufi, ga masu bugun ƙarfe a kowane gefe, duk ɗaya na ji su. Na ce masa ba a nan za a yanke hukunci ba, kuma ba kunnena ne zai yanke ba. Da na yi masa bayani, sai ya daina dariya. Ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. Ya yarda zai biyo ni ƙauye da tukwanen, ya ɗaura su da maɗauri da noti maimakon walda, yadda za a iya sauyawa a gindin bishiya.

Saura yadda za a tambayi Yaya. In na ce mata don ke ake wannan aiki, za ta ce ita ba ta roƙi kowa ba, a bar ɓarnar dukiya, kuma daga nan magana ta mutu. Saboda haka muka shirya: ɗana zai riƙa tuƙa motar yana sauka mashigi yana hawan tudu a hankali, yadda nake yi da kaya, bakanike yana sauya tukunya a gindin tsamiyar bakin rafi, ni kuwa in je in zauna wurinta kamar mai ziyara, in ga abin da fuskarta za ta faɗa.

Da hantsi na same ta a tsakar gida, hannun ya soma warkewa, tana ɓarar gyaɗar miya a faifai. Muka gaisa, muka shiga zancen amfanin gona da na waɗanda suka rasu. Can sai ƙara ta taso daga rafi, mai kaifi, kamar ana yaga sabon yadi. Ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Ga marar kunyar nan ya dawo."

Na ce, "Wataƙila mai wucewa ne."

Ta ce, "Uhm."

Muka ci gaba. Ta ba ni labarin wata jikarta da ta haihu a Kazaure, da yadda aka yi rowar nama a sunan. An jima wata ƙarar ta zo, wannan karon can ƙasa-ƙasa, ni kaina sai da na kasa kunne na tsinkaye ta. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, sai ta ce injin niƙan unguwar gabas ya soma ciwo, ya kamata mai shi ya duba shi. Raina ya soma ɓaci. Rana ta take, na sha ruwa, na rasa sabon zancen da zan kawo, har na koma tambayarta sunayen kakanninmu da na riga na sani.

Sa'an nan ta uku ta taso. Murya ce mai kauri, mai nutsuwa, ba ta da kaifi ko kaɗan. Ta sauka, ta ɗan yi shiru a cikin yashi, ta kama tudu tana gurnani a hankali kamar babban sa a cikin garke. Na ga yatsun Yaya sun tsaya a kan gyaɗar. Ta karkata kai. Ta saurara har ƙarar ta hau tudu ta lafa. Ni kuwa ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ta ce, "Aika a gaya wa yaron nan wannan ta yi. Ya daina ƙona mai a banza, tun safe yake hawa yana sauka kamar mai neman abin da ya yar."

Na ɗago kai na dube ta. Ta ci gaba da ɓararta.

Ta ce, "Kai a ganinka makanta kurumta ce? Yaushe rabon da ka zauna mini tun hantsi har azahar? Har kana tambayata sunan kakarka. Kuma ranar da shanu suka tsinke, ka ɗauka ban san wane ne marar kunyar ba?"

Na ce, "Ashe kin sani, kika yi ta zagina a gabana?"

Ta ce, "To, a bayanka zan zage ka?"

Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta ji akwai bakanike a bakin rafi, ta sa aka dama fura aka kai masa, ta ce a gaya masa ta farkon nan ya kai wa 'yan acaɓa, ta biyun kuwa ya ajiye wa ɓarayi. Da yamma muka koma Bacirawa ya yi wa tukunyar walda ta zauna daram, ya ƙara mata marataya don kada kunyoyin gona su fizge ta, ya kuma karkatar da bakin bututan baya sosai, domin na ce masa shukar mutane har gefen hanya take, ba na son zafin hayaƙi ya taɓa waken kowa. Gunjin nan na cikin mota ya tafi. Ya ce zan ji ta ƙara ƙarfi a hawa. Na ji kaɗan, ko kuwa zuciyata ce ta ji, Allah Ya sani.

Ba ta ce mini ta janye maganarta ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar kasuwa ta zagayo, na bi burtali, na sauka mashigi a hankali, na ba motar wuta daidai gwargwado a kan tudu. Maƙwabcina yana ƙofar gida, shanunsa suna tuƙa a turke ko kunne ba su kaɗa ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce yanzu na koma dattijo. Ina tsayawa gida-gida ina ɗaukar kaya, zuciyata tana can gaba. Tun kafin in kashe mota a ƙofarta ƙamshin tuya ya tare ni. Jarka tana jingine a zaure, kwando a ɗaure, na taɓa shi na ji zafi.

Na ɗauki kayan zan fita, sai ta kira ni.

Ta ce, "Gyaɗata ta kusa ƙarewa. Ka sayo mini buhu, ɓararriya, mai mai. Kuma kada ka tsaya wurin mutumin nan mai daɗin baki, rabin tasa ruɓaɓɓiya ce. Ka tauna kafin ka saya."

Na ce, "Yaya, shekara nawa ina noman gyaɗa?"

Ta ce, "Noma daban, saye daban. Ka tauna."

Na shiga layin 'yan gyaɗa a Ɗambatta da babbar rigata, ina ɗiba ina taunawa buhu-buhu, 'yan kasuwa suna tambayata ko azumi na kai. Da la'asar na kawo mata. Ta zura hannu har gwiwa cikin buhun, ta ɗebo daga ƙasa, ta murza, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa, ni ina tsaye. Sa'an nan ta ce ba laifi, a shigar mata da shi ɗaki, a ɗora a kan dutse kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.